Ku Tambaya Mu Amsa: Teku, hayaƙi da tsadar kifi

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon yawancin saƙonnin da suka taru kan teku ne, wataƙila tsadar kifi ce tasa kowa ya fara waiwayar inda yake fitowa. Na zaɓi biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda wuri, sauran kuma sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a sakandare anan Aboabo, Kumasi. Malaminmu na jogarafi yace wai teku na shanye hayaƙin motoci da na kamfanoni. Toh in haka ne meye na tada hankalin mutane da maganar ɗumamar duniya, ai teku baya cika, a barshi ya shanye duka mana.

Amsa: Wa alaikas salam ƙanena. Malaminka gaskiya ya faɗa maka, sai dai akwai saura. Da farko ba baƙin hayaƙin nan da kake gani a bayan trotro ake nufi ba, wancan kwana kaɗan yake yi ya sauko ƙasa. Iskar kabon ake nufi, bata da launi bata da wari, tana fita duk sanda aka ƙona fetur ko gas ko kwal ko itace, har da wajen gasa siminti. Duniya gaba ɗaya na sakin wajen tan biliyan 40 a shekara, teku na ɗauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu, dazuzzuka da ƙasa su ɗauki kwatankwacin haka, kusan rabi kuma ya tsaya a sama yana tare zafi. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 cikin miliyan ne a iska, a 1958 da Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa na Hawai ya samu wajen 315, yanzu an haura 420. Da teku na iya shanye duka ai da lissafin bai hau ba.

Hanya biyu kabon ke bi ya nutse. Ta farko narkewa ce kawai, iska na taɓa fuskar ruwa sai kabon ya narke ya shiga, kuma ruwan sanyi yafi ruwan ɗumi iya riƙe shi. Can arewa wajen Girinlan da kudu wajen Antatika ruwa kan yi sanyi yayi nauyi ya nutse ƙasa da kabon ɗin da ya kwasa, ya shiga yawo a ƙarƙashin tekunan duniya, wani sai yayi kusan shekara 1,000 kafin ya sake ganin rana. Tekun da ya kewaye Antatika shi kaɗai yana ɗaukar wajen kashi 40 cikin 100 na abinda tekuna ke karɓa daga hayaƙinmu.

Ta biyu ta masu rai ce. Akwai wasu tsirrai ƙanana da ido baya gani suna yawo a saman ruwa inda rana ke kaiwa, filankiton ake ce musu, kusan rabin aikin da duk tsirran duniya ke yi na zuƙar kabon da fidda iskar shaƙa su ke yinsa, ka haɗa da dajin Amazon da na Kongo duka a ɗaya rabin. Ƙananan ƙwari na ruwa su ci su, kifi ya ci ƙwarin, sai gawarwaki da kashi su riƙa zuba ƙasa a hankali. Yawanci tun a hanya ake cinye su kabon ɗin ya koma ruwa, abinda ake binnewa a lakar ƙasan teku bai kai 1 cikin 100 ba. Dukda haka masana sun lissafa cewa ba don wannan zubar ba da kabon ɗin sama ya ɗara na yanzu da kusan kashi 200 cikin miliyan. Amma ka lura, wannan hanyar tun fil azal take aikinta, ƙarin da mu muka jibgo yawancinsa ta hanyar narkewa yake shiga.

Yanzu ga amsar tambayarka. Teku na da wuri, kabon ɗin da ke cikinsa ya kai wajen tan biliyan 38,000, kusan ninki 50 na wanda ke sama, matsalarsa ita ce jinkiri. Saman ruwa kaɗai ke haɗuwa da iska, shi kuma yana saurin ƙoshi, sai ya jira ruwan ƙasa ya sauya shi, abinda ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru, mu kuma cikin shekara 150 muka tono abinda ya kwanta miliyoyin shekaru muka ƙona. Tun 1957 Roger Revelle da Hans Suess suka ja hankali kan cewa teku ba zai shanye da saurin da ake zato ba.

Kuma ba kyauta yake sha ba. Kabon in ya narke a ruwa tsami yake zama. Ka taɓa ganin mamarka ta jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsamin? Teku na da irin tasa kanwar a narke, duk kabon ɗin da ya shiga sai ya cinye kaɗan daga cikinta, tana raguwa ƙarfin shan nasa na raguwa. Kuma da wannan sinadarin ne kawa da murjani da wasu filankiton ke gina ɓawonsu. Ma'aunin tsami na saman teku, wanda in ya sauka tsami ne ya ƙaru, ya sauka daga wajen 8.2 zuwa 8.1, a ido kamar ba komai, amma yadda ake lissafin ma'aunin ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin 100. A jihar Oregon ta Amurka wajen 2007 masu kiwon kawa sun ga 'ya'yan kawa na mutuwa birjik a wuraren ƙyanƙyasa, da aka bincika sai aka tarar ruwan da suke jawowa daga teku ne yayi musu tsami. Ka kai wa malaminka wannan, ka ce ina gaishe shi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni kifi banda nake saidawa a kasuwar Nima shekara da shekaru, daga Chorkor da Tema nake sari. Da in watan Agusta yazo amane har rasa inda zamu zuba shi muke, yanzu kuɗin kwando ɗaya sai ka riƙe baki, ga shi ƙanana. Masunta na cewa ruwan sanyin baya zuwa kamar da, jikata kuma tace canjin yanayi ne. Wanne ne gaskiya dan Allah?

Amsa: Hajiya barka kadai, Allah ya bada kasuwa. Masuntan da jikarki kusan abu ɗaya suke faɗa, kuma dukansu sun bar na uku wanda a ganina shine babba.

Ruwan sanyin da suke magana gaskiya ne. Daga wajen Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku na tasowa sama a gaɓar Ghana da Kwaddibuwa, zafin saman ruwa ya sauko daga wajen digiri 28 zuwa ƙasa da 25, shi yasa ma Agusta ke da sanyi-sanyi da lumshi a Accra. Akwai kuma ƙaramin tasowa na 'yan makonni wajen farkon shekara. Wannan ruwan na ƙasa cike yake da taki, wato ragowar duk abinda ya mutu ya nutse ya ruɓe a can, yana isowa inda rana take sai filankiton su tsiro ruwa yayi kore, ƙwarin ruwa su ƙoshi, amane da ɗan ƙaramin kifin nan da ake kira Keta school boys su biyo abinci su hayayyafa. Ba banza ba bikin Homowo na Gaawa ke faɗowa daidai lokacin da kifi ya wadata. Kifin da kike saidawa, Hajiya, kabon ne da ya nutse ya dawo.

Inda ɗumama ta shigo shine teku ya shanye sama da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ta tara, kuma saman ruwa ne ya fi ɗaukarsa. Ruwan ɗumi bashi da nauyi, yana zama a sama, in yayi kauri sai na ƙasa ya sha wuya kafin ya fasa shi ya fito. Shekarar da tasowar ta zo da rauni abinci yayi kaɗan, 'ya'yan kifi da yawa basa kai labari, manyan kuma su nutsa ƙasa ko su matsa nesa inda kwale-kwale baya kaiwa da sauƙi. Wani abin mamaki ma, ruwan nan da ke tasowa kusa da mu yana zuwa da tsohon kabon, in ya ɗumama a sama sai ya saki wani a iska, saboda haka tsakiyar Atlantika ɓangarenmu fitarwa yake yi, can wuraren sanyi ne ake zuƙa.

Amma in na ce miki canjin yanayi ne kawai na cuce ki. Kamun amane a Ghana ya faɗo daga sama da tan 130,000 a 1996 zuwa ƙasa da tan 30,000 a 2016, ɗumamar ruwa ita kaɗai bata yin irin wannan ɓarnar cikin shekara 20. Kwale-kwale sun yi yawa, ana kunna fitila da janareto a tsakiyar teku da dare don tara kifi har a lokacin da ya kamata ya huta, ana amfani da taru mai ƙananan ido da ke kwashe har jarirai, ga kuma saiko, inda manyan jirage masu jan taru, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasan ruwa ne, suka riƙa kwashe ƙananan kifin masu kwale-kwale su daskarar da shi su sayar a tsakiyar teku a kawo gaɓa irin su Elmina. Ƙananan da kike gani a kwando alamar haka ce, ana kama su kafin su yi ƙwai ko sau ɗaya. Shi yasa a 2019 aka fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wata guda, daga 2021 zuwa 2024 a Yuli aka riƙa rufe musu, manyan jirage kuma wata biyu. Masunta sun yi ta ƙorafi kuma ina fahimtarsu, mai iyali baya cin alkawari, sai dai rufe wata ɗaya a buɗe a koma kan fitila da saiko wahala ce kawai aka ba talaka. Zafin teku ba a hannun Accra yake ba, Afirka duka bata kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba, amma girman idon taru da jiragen da muke ba lasisi a hannunmu suke.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ɗana da ke jami'a ne yake ce min wai ƙurar hunturu da ke sa mu tari da fashewar leɓe abinci ce ga teku, har wai tana kaiwa Barazil. Nace masa karatu ya fara yi masa yawa. Daga wani dattijo a Asawase.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, wannan karon yaron ne da gaskiya, a bashi haƙuri. Ƙura mai yawa daga wani kwari take tashi a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi ne lokacin da yake da girma sosai, ƙasar wurin ma ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Wani bincike da aka yi da tauraron ɗan adam na hukumar NASA ta binciken sararin samaniya ta Amurka, aka fitar a 2015, ya kiyasta tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma duk shekara, wajen tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon da sinadarin fosfaras da ƙasar wurin ke ƙishirwa. Kaso mai yawa kuma a cikin Atlantika yake zubewa, yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda filankiton ke buƙata ɗan mitsitsi amma in babu shi basa tsirowa.

Wannan ne ma ya haifar da wata rigima a tsakanin masana. Akwai manyan yankunan teku, musamman kudu wajen Antatika, da taki ya wadata amma tsiro kaɗan ne, wani Ba'amurke John Martin yace rashin ƙarfe ne don ƙura bata kaiwa can, har a 1988 yayi wata magana cikin raha cewa a bashi rabin tankar jirgi na ƙarfe zai dawo da duniya zamanin ƙanƙara. An gwada a 1993 kusa da tsibiran Galapagos, bayan nan an sake sama da sau goma a wurare daban-daban. Ruwa kan yi kore cikin kwanaki, nan Martin ya ci gari. Amma nutsewar kabon ɗin, wadda ita ce dalilin wahalar, sai a hankali. A gwajin da Indiya da Jamus suka yi a 2009 a kudancin Atlantika ƙwarin ruwa ne suka taru suka cinye tsiron, kaɗan ne ya sauka. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Landan kan zuba abubuwa a teku sun amince tun 2008 cewa banda bincike na gaskiya ba a yarda a riƙa yi ba, kuma ni ina tare da su.

Don taki in yayi yawa a teku ba kullum alheri bane. Tun 2011 wata ciyawar ruwa mai launin ruwan ƙasa, sagasum, ta fara taruwa daga gaɓar Afirka ta yamma har Karebiyan, a 2018 an kiyasta ta haura tan miliyan 20. Mutanen Axim da Half Assini sun san ta, tana cika taru a maimakon kifi, ta ruɓe a bakin ruwa da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Cikin abubuwan da masana ke dangantawa da ita akwai takin da kogin Amazon ke kwararowa da ruwan ƙasa da ke tasowa a ɓangarenmu, wasu na ƙarawa da ƙurar.

Tambaya: Malam duk waɗannan biliyoyin da kuke kawowa waye ya shiga ƙasan teku ya ƙirga? Ni fa ina ganin Turawa ne kawai ke zama a ofis suna rubutawa. Daga wani direban tasi a Mamobi.

Amsa: Ɗan'uwa tambayarka a kan hanya take, wanda baya tambayar waye ya auna shi ake sayar wa gaibu. Ana aunawa. Akwai wasu na'urori kusan 4,000 da ake kira Argo suna yawo a tekunan duniya tun wajen 2000, kowace tana nutsewa har mita 2,000 ta taso duk kwana goma tana auna zafi da gishiri, in ta fito ta tura wa tauraron ɗan adam, sababbin cikinsu har tsami da iskar shaƙa da yawan tsiro suke aunawa, kuma sakamakon a buɗe yake a intanet kowa na iya saukewa. Akwai tulunan awo da aka ɗaure da dogayen igiyoyi a tsakiyar Atlantika tun 1997, aikin haɗin gwiwar Barazil da Faransa da Amurka mai suna PIRATA, a baya sun yi shekaru da ɗaya a daidai inda layin taswira da ya ratsa Tema daga arewa zuwa kudu ya haɗu da layin da ya raba duniya biyu, kusan kilomita 600 kudu da gaɓarmu. Ana rataya mazurari a zurfi daban-daban na tsawon watanni a tari abinda ke zubowa a auna, jiragen dakon kaya ma wasu na ɗauke da injin da ke auna kabon a ruwan da suke ratsawa. Jirgin binciken Norway Dr. Fridtjof Nansen ya sha zuwa ruwan Ghana da masananmu a ciki, ga sashen nazarin teku da kifi a jami'ar Legon, ga cibiyar kula da gaɓar teku a jami'ar Cape Coast, ga ma'aikatan binciken kifi a Tema da suka daɗe suna rubuta zafin ruwan gaɓa.

Inda zan baka gaskiya shine awon bai rabu daidai ba, arewacin Atlantika cike yake da na'urori, namu ɓangaren kuma tsilla-tsilla, jirgin bincike kuɗi ne mai yawa kowace rana. Yaran zango masu son kimiyya duk likita da injiniya suke hange, ga fage nan a buɗe ba kowa.

Tambaya: Salam. Naji a rediyo wai Turawa na biyan kuɗi in ka dasa itatuwan bakin ruwa a wajen Ada da Keta saboda kabon. Ni matashi ne a Madina ba aiki, yaya ake shiga?

Amsa: Wa alaikas salam. Tushen maganar gaskiya ne. Itatuwan mangurof da ke tsirowa inda kogi ya haɗu da teku suna tara kabon ninki uku zuwa biyar na dajin tudu mai faɗi ɗaya, kuma yawancinsa ba a jikin itacen yake ba, a cikin laka yake, don ganye da saiwa in suka nutse a lakar da iska bata shiga basa ruɓewa da wuri, sai su yi ta taruwa ɗaruruwan shekaru. Ranar da aka sare aka bar lakar ta bushe duk ya fita. Ana kuma sarewa, kasuwar Anyanui a bakin Volta ta shahara da itacen mangurof, da shi ake kyafa kifi da yawa da ke zuwa kasuwanninmu. Ghana ta sa hannu da Suwizalan a 2020 kan cinikin rage hayaƙi ƙarƙashin yarjejeniyar Paris kan canjin yanayi, saboda haka kasuwar kabon ba tatsuniya bace.

Sai dai ba irin aikin da mutum zai taso daga Madina da buhun iri ya dasa a biya shi bane. Filayen na da masu su, dangi ne da sarakuna, sai an auna lakar kafin a fara, a dawo a sake aunawa bayan shekaru, kuma a tabbatar itacen ya tsaya shekara ashirin ko talatin ba a sare ba, kuɗin in ya fito ma ya ratsa hannu da yawa kafin ya iso ga mai dashe. In kana son ganin abin da idonka basai kaje Keta ba, ka hau mota zuwa Tsokomey ko Bortianor a bakin kogin Densu, matan da ke tsintar kawa a wurin tun 2017 suke rufe tsinta na 'yan watanni duk shekara suna sake dasa mangurof, ba don kuɗin kabon suka fara ba, don kawar ta girma ne. Ka fara da irin waɗannan ƙungiyoyin ka koyi renon iri da awo, shine abinda masu manyan ayyukan ke ɗaukar mutane a kai. Duk wanda kuma ya turo maka fom a WhatsApp yace ka tura sidi kaza ta momo don rajistar kabon, kada ka tura, ka tambaye shi sunan filin da sarkin da ya bada shi.